Yadda ake rubuta labarin ban dariya daga rayuwarka, bayan shekara ɗaya ina yi a Legas

Assalamu alaikum ƴan uwa. Wannan watan na cika shekara guda ina saka labaran ban dariya na abin da nake gani a Legas, duk daren Juma'a a Facebook, kuma ƙannenmu na Agege da Idi-Araba sun yi ta tambayata wai ya ake farawa. To ga yadda nake yi.

Abu na farko, rubuta a ranar da abin ya faru. Kar ka ce sai gobe, wallahi zuwa gobe maganar ta huce, za ka tuna abin da ya faru amma ainihin kalmar da mutumin ya furta ta gudu, kuma dariyar a cikin kalmar take. Ni a goslo nake yi, in muka maƙale a gadar Third Mainland mai kusan kilomita 12 sai in ciro waya in tura wa kaina saƙon murya a WhatsApp, da dare in zauna in juye.

Bari in ba ku misali. Wata rana a danfo, wato ƙaramar bas ɗin haya ta Legas, daga Mile 12 zuwa Oshodi kwandasta ya ce ba shi da canji, da muka sauka sai ya miƙa wa wani dattijo mai sayar da albasa da wata mata Bayarabiya naira dubu ɗaya guda, ya ce su je su raba. Baba ba ya jin Yarabanci, ita kuma ba ta jin Hausa, kowa ya riƙe gefe ɗaya na takardar kuɗin suna tafe tare a ƙarƙashin gada suna neman mai canji. Da suka gaji sai suka sayi burodin Agege, ta tsaga shi biyu, Baba ya dubi rabonsa ya ce "Iya, ai naki ya fi ciki". Karon farko da na rubuta na kwashe layi goma ina bayanin zafin rana da cunkoso, ba wanda ya kai ƙarshe. Da na sake sai na fara daga hannun kwandasta yana miƙa kuɗin, na tsaya cak a kan maganar Baba ban ƙara ko harafi ba. Ka shiga labari ta tsakiya, don Facebook yana yanke dogon rubutu bayan layuka kaɗan, in farkon bai kama mutum ba ya wuce.

Ka tuna da masu karatu na gida. Wanda ke Funtuwa ko Azare bai san sai ka ce "owa" danfo ke tsayawa ba, to ka saƙa bayanin cikin labarin da kalma biyu uku, kar ya zama lacca.

Abin da ya fi damuna shi ne mutunci. A wata na huɗu na rubuta labarin wani maƙwabcina, na sauya suna amma na bar sana'arsa da layinmu, kafin la'asar kowa a masallaci ya gane shi. Na je har ɗakinsa na ba shi haƙuri, na goge, kuma har yau abin yana min ciwo. Yanzu nakan sauya suna da unguwa da sana'a, in na kusa ne sai na karanta masa ya ce ya yarda. Ba na taɓa ƙabila ko addini ko nakasa, muna zaune da Yarabawa da Ibo lafiya, kasuwarmu ɗaya. Haka ƴan uwanmu ƴan acaba da aka hana aiki a ƙananan hukumomi 6 tun Yunin 2022, wahalarsu ba abin wasa ba ce a wajena.

Kafin ka saka, karanta da baki a gaban mutum ɗaya, ni ƙanwata nake wa, duk inda ta ɗauke ido zuwa wayarta nan nake yankewa. Sannan ka sa Hausa a kibod ɗinka, Gboard yana da ƙ da ɗ da ɓ, don kasa daban ƙasa daban. Satin da ba ka ga komai ba kuma kar ka ƙago, ka koma tsofaffin saƙonnin muryar nan ka saurara, galibi akwai wanda ka tsallake.