Yadda ake haɗa abin shan furotin a gida, da nono da ƙuli-ƙuli

Duk wanda ke zuwa gudu da sahe wajen stade Seyni Kountché ko shina ɗaga ƙarfe a unguwa ya san ƴan samarin nan masu yawo da gora suna girgizawa, wai garin furotin na waje ne ciki. Ni ma na taɓa sayen gwangwani ɗaya, kuɗin ya yi mini ciwo, kuma kamin wata ya ƙare ya ƙare, sai na zauna na ce to mi ke cikin abin nan da babu a kasuwar Wadata? Ruwan da ke saura in anka yi cuku ne ake busarwa a maida gari, shi ke nan fa. Mu da muka tashi Tawa cikin nono da cuku.

Kamin ku kunna mikisa sai ku san furotin nawa jikinku ke so. Mutum wanda ba ya wani motsa jiki, giram 0.8 a kowane kilo na nauyinshi ya ishe shi a rana, amma mai ɗaga ƙarfe ko ɗan kokowa shina buƙatar wajen 1.6. Ke nan mai kilo 70 zai nemi giram 110 da ɗoriya, kuma yawancin wannan daga tuwo da miya da wake da nama zai fito, kofin nan ciko ne kawai, a samu giram 20 zuwa 30 ciki ya yi.

Sai sayen kaya, kuma nan ne aikin yake. Nono mai kyau, kindirmo ko tsala, kofi babba na mililita 300 na ba da wajen giram 10. In ɗanyar madara kunka samu wajen Fulani to a tafasa ta tukuna, don akwai cututtukan da ke bin ɗanyar madara daga dabba zuwa mutum. Madarar gari cokali 3 ta ƙara wajen giram 6. Amma sarkin haɗin shi ne ƙuli-ƙuli. Gujiya kanta kashi ɗaya cikin huɗu nata furotin ne, sai dai mai ya yi mata yawa, to in mata sunka matse man, abin da ya rage furotin ɗinshi ya fi na gujiyar nesa. In kun san mai yin ƙuli a unguwarku ku roƙe ta ta saida muku tunkuza kamin ta sa gishiri da yaji ta soya, ita ta fi daɗi a nono. In babu, ku ce "Hajiya a ba ni marar yaji", ku daka a turmi ku tankaɗe. Na taɓa mantawa na zuba mai tonka cikin ayaba da madara, har yau ƙanena na yi mini dariya. Ku duba kuma, gujiya ko ƙulin da ya yi funfuna ko shina ɗaci a zubar, gubar da ke ciki tana ɓata hanta kuma wuta ba ta kashe ta.

Yanzu haɗin mai son ƙara jiki. Ruwa-ruwan ake fara zubawa don kar gari ya manne a gindin mikisa: nono kofi 1, sannan madarar gari cokali 3, garin ƙuli cokali 2 cike, ayaba 1 wadda ta nuna sosai, dabino 3 da anka jiƙa anka cire ƙwallon, da ɗan curin hura kamar girman ƙwai. A sa citta kaɗan, ƙanƙara daga ƙarshe, a niƙa minti ɗaya. Wannan zai ba ku furotin wajen giram 25, kalori kuma, wato ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki, ya haura 500, shi ya sa ake shan shi bayan an gama motsa jiki, ƙari kan abincin da anka saba ci. In kun lura hura da nono ce ta kakanni anka yi wa gyara, ba wani abu ba.

Na mai son rage tumbi kuwa cokalin ne ke canzawa. Tsala za ku nema wadda anka cire ma mai, a bar madarar gari da hura da dabino gaba ɗaya. A maimakonsu a sa awara wadda ba a soya ba, yanka kamar tahin hannu, ita kaɗai tana kawo giram 8 zuwa 10 kuma tana sa haɗin ya yi kauri kamar da kirim anka yi shi, ba a ma jin ta. Ƙuli cokali 1, rabin mangwaro ko rabin ayaba don zaƙi, ƙaramin cokali na garin zogale in kuna iya jure warin, ni dai sai na matsa lemun tsami sama. Jimilla bai kai kalori 300 ba, kuma shina riƙe ciki har azahar.

Amma ga inda mutane ke faɗuwa, musamman ƴan'uwana mata da ke tambayata a WhatsApp. Kin sha kofin nan da sahe, sannan kin bi shi da burodi da mayonez da shayi mai sukari huɗu, bayan sati biyu ki ce abin ba ya aiki, haba ƴar'uwa, ƙari kinka yi ba ragi ba. In don rage nauyi ne, kofin shi ne karin kumallon, ba a ɗora mishi komi. Kuma kar a maida duk abincin yini ya zama sha, sau ɗaya a rana ya isa. Tigadige ma, wato niƙaƙƙiyar gujiya da ba a matse manta ba, a yi hankali da shi, cokali ɗaya kusan kalori 100 ne, hannu na zarcewa ba a sani ba.

Ɗanyen ƙwai da wasu ke fasawa ciki don a ce su ƙarfafa ne, ku bar shi. Zai iya sa muku zawo da zazzaɓi, kuma jiki ya fi amfana da furotin na dafaffe. Ku dafa 2 ku ci gefe, giram 12 ke nan. Haka waken soya, ba a niƙa shi ɗanye a sha, sai an dafa. Mai ciwon ƙoda ko ciwon sukari ya fara ganin likita kamin ya shiga wannan harka.

In kuran ta ɗauke ko ba ku da mikisa, maburgi da ƙwarya sun wadatar, a murje ayabar da cokali tukuna, a dama garin da ɗan nono ya zama kamar kunu mai kauri sannan a ƙara sauran. Kuma da zahin Yamai na watan Afrilu kar ku haɗa da sahe ku sa a jaka sai marece, cikin awa ɗaya zuwa biyu ya fara lalacewa, ko a sha nan take ko a sa firigo a shanye a ranar. Abin da ni ke yi, in auna garin madara da na ƙuli cikin busasshiyar gora tun gida, in na gama gudu in sayi nono mai sanyi a butik in zuba in girgiza.