Darasi na 6: Ƙwayoyin Da Ke Cikin Hanji Su Ma Suna Son Abinci

Toh 'yan uwa, da an ce ƙwayoyi sai hankali ya tafi kan cuta, amma akwai masu amfani da ke zaune a babban hanjin kowannenmu, tiriliyoyi ne, ido ba ya ganinsu. Abincinsu shi ne faiba, wato ɓangaren nan na wake da ganye da dusar hatsi da cikinmu ba ya iya narkarwa. In sun ci sai su fitar da sinadaran da ke ƙarfafa bangon hanji, bayan gida ya zo da sauƙi. Da shekaru sun ja, ire-irensu kan ragu, ga haƙori ya yi rauni mutum ya koma cin abu mai laushi kawai, sai ka ji Baba na kukan ciki ya ɗaure kwana uku.

Abin da ke damuna a nan Legas shi ne cimarmu. Dattijo mai gadi ya karya da burodin Agege da shayi, rana farar shinkafa, dare indomi wajen mai shayi, haka sati zai zagayo ba ganye ko ɗaya, alhali a kasuwar Mile 12 mu ne ke sauke albasa da kabeji da karas daga mota! Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba ya ci aƙalla giram 400 na ganyayyaki da 'ya'yan itatuwa kullum, da faiba giram 25.

Ba sai da kuɗi mai yawa ba. Burodin nan a haɗa shi da wake, ewa agoyin ma ya yi. A dawo da tuwon dawa da miyar kuka ko kuɓewa, kwaɗon zogale, kunun gero. Fura da kindirmo na da kyau, amma a tabbata an tafasa madarar kafin ta kwana. Waken a fara kaɗan-kaɗan saboda kumburin ciki, a yawaita shan ruwa.

Sai kafso ɗin nan ja da yalo na kashe ƙwayoyin cuta da ake saya a kemis don mura ko ɗan murɗar ciki. Don Allah a daina, yana kashe masu amfanin har da su, sai in likita ya rubuta. Wanda ya ga jini a bayan gida ko yana ramewa ba dalili, asibiti kai tsaye.

Aikin gida: rubuta duk abin da ka ci jiya, ka ja layi ƙarƙashin mai wake ko ganye, ka zo da littafin ranar Asabar.