Yadda Ake Koyon Sauraron Kiɗan Turai na Zamanin Brahms, Tchaikovsky da Mahler

Mutane da yawa sun taɓa jin irin wannan kiɗa ba tare da sun san sunansa ba. Shi ne wanda ke tashi a fim idan al'amari ya kai maƙura, goge hamsin suna kuka tare, ƙahonni suna ruri daga baya. Masu yi wa finafinan Amurka kiɗa a shekarun 1930 daga nan suka ɗebo, wasunsu ma a Vienna suka taso, irin su Max Steiner da Erich Korngold. Tushen shi ne kiɗan da Turawa ke kira na ƙarshen zamanin Romantik, wato daga wajen 1860 zuwa ɓarkewar Yaƙin Duniya na Ɗaya a 1914.

Kalmar Romantik a nan ta wuce soyayya. Tana nufin kiɗan da ya sa abin da ke cikin zuciyar mutum a gaba: bege, fargaba, baƙin ciki, kewar gida. A wannan zamani ne ƙungiyar makaɗa, wadda ake kira okestira, ta kumbura daga mutum talatin ko arba'in na zamanin Mozart, mai tsara kiɗa na ƙarni na 18, har ta kai ɗari, kiɗa guda kuma yana iya cin sa'a ɗaya da rabi. Tsawon nan ne ke korar mutane. Wanda ya saba da waƙar minti biyar mai amshi sai ya ji kamar an sake shi a dokar daji. Ga hanyar da na bi, wadda kuma nake ɗora abokaina a kai.

Mataki na 1: Gyara wuri kafin ka kunna

Kada ka saurara ta lasifikar waya. Manyan gogen da ke riƙe da ƙasan kiɗan ba sa fitowa ta nan, rabin abin ya ɓace ke nan. Sa abin kunne, ko da mai araha ne, ka bari sai dare ya yi, janareton maƙwabta ya yi shiru. In da hali, nemi bidiyon da ake ganin makaɗan a YouTube, domin ido yana koya wa kunne wace murya ce ta wane kayan kiɗa. Na bar sunayen mutanen yadda ake rubuta su don ka same su da sauƙi.

Mataki na 2: Fara da minti goma sha biyu na Dvořák

Simfoni doguwar tsararriyar kiɗa ce da aka raba sashe-sashe, galibi huɗu. Nemi Simfoni ta 9 ta Antonín Dvořák, ka tsallake zuwa sashe na biyu, mai tafiya a hankali. Dvořák mutumin Bohemiya ne, ƙasar Cek ta yau. An gayyace shi New York a 1892 ya shugabanci wata makarantar kiɗa, a can ya rubuta wannan simfoni, aka fara kaɗa ta a zauren Carnegie a Disambar 1893.

Ƙahonni ne za su buɗe da sauti mai nauyi, kamar ana tura ƙofar zaure a hankali. Daga nan murya ɗaya tak za ta fito, ta wani abin busa da ake kira kor-angile, ɗan'uwan algaita a ƙira amma mai laushin murya. Waƙar da yake rerawa kusan duka a kan muryoyi biyar take tafiya, kamar yawancin kiɗanmu na gargajiya, shi ya sa ba ta yi wa kunnen Bahaushe baƙunta. Wani ɗalibi baƙar fata a makarantar, Harry Burleigh, ya riƙa rera wa Dvořák waƙoƙin ibada na bayin Amurka, kuma ana jin ƙamshinsu a nan, ko da yake waƙar ta Dvořák ce da kansa.

Kasa kunne sosai wajen ƙarshe. Gogen za su yi ta raguwa har su zama 'yan ƙalilan, waƙar ta yanke a tsakiya, a yi shiru, ta ci gaba, ta sake yankewa, kamar mai magana da kuka ya ci ƙarfinsa. Ji wannan sashe sau uku a kwana uku kafin ka matsa.

Tun da an zo nan, akwai wani da bai kamata a manta da shi ba: Samuel Coleridge-Taylor, wanda aka haifa a Landan a 1875, ɗan wani likita mutumin Saliyo. Ya ɗauki Dvořák abin koyi, ya tsara waƙoƙi 24 na Afirka da na baƙaƙen Amurka don piyano, ya rasu a 1912 yana da shekara 37.

Mataki na 3: Kama take, ka bi shi

Wannan ne ƙashin bayan dukan abin. Mun san take. Ɗan dambe yana zaune a gefe, da zarar makaɗi ya juya zuwa takensa sai tsuma ta kama shi, 'yan kallo ma sun san wa ake kira tun ba a ambaci suna ba. Masu tsara kiɗan wannan zamani haka suke aiki, sai dai su suna canza wa taken kama. Yau ya zo da ƙarfi a bakin ƙaho, anjima ya dawo a sanyaye a bakin sarewa, can kuma a datse shi biyu a ba goge rabi. Labarin simfoni shi ne abin da ya sami taken tsakanin farko da ƙarshe.

Yanzu kunna simfonin Dvořák daga farko, minti arba'in da 'yan kai. Bayan kamar minti biyu na shimfiɗa, ƙahonni za su kawo wani gajeren take da ke haurawa sama ya gangaro. Tsayar da kiɗan, ka rera shi da bakinka har ya zauna. Sannan ka yi farautarsa. Zai kutso a tsakiyar sashe na biyu inda kiɗan ya fi ƙarfi, zai leƙo a ƙarshen na uku, a na huɗu kuma za ka ji shi sun haɗu da waƙar kor-angile da sauran taken da suka gabata, duk a fili ɗaya. Ranar da ka gane shi da kanka, ba wanda ya nuna maka, tsawon kiɗan ya daina zama nauyi.

Wanda ya kai wannan dabara ƙololuwa shi ne Richard Wagner. A jerin wasannin waƙarsa huɗu da aka fara nunawa cikakku a Bayreuth a 1876, masu cin kusan sa'a 15, takobi yana da takensa, zobe yana da nasa, la'ana ma tana da nata. Kada ka fara da su.

Mataki na 4: Koyi jiran da ba a biya ba

Abin da za ka ɗauka daga Wagner yanzu shi ne buɗewar Tristan und Isolde, minti goma ko goma sha ɗaya, ta wasan waƙar da aka fara nunawa a Munich a 1865. A kiɗan da aka saba, sauti yakan tashi ya haifar da ƙishi, sannan ya sauka gida kunne ya huta. Wagner ya ƙi saukewa. Goge masu kaurin murya za su miƙe, masu busa su amsa da wani haɗin sauti mai kama da tambaya, sai shiru. A sake, a ɗan ƙara sama, sai shiru. Cikakkiyar amsar ba ta zuwa sai ƙarshen wasan, bayan kusan sa'a huɗu. In ka ji ranka yana ƙagara, to kunnenka yana aiki daidai, abin da aka so ka ji ke nan. Duk wanda ya zo bayan Wagner sai da ya yanke shawara: ya bi shi ko ya juya masa baya.

Mataki na 5: Zauna da Tchaikovsky daga farko har ƙarshe

Ware minti hamsin, ka kashe sanarwar waya, ka kunna Simfoni ta 6 ta Pyotr Tchaikovsky. Ga gargaɗi daga abin da ya same ni. A rubutun kiɗa, harafin p yana nufin a sassauta, kuma yawanci biyu ko uku ake jerawa. A wani wuri cikin sashe na farko, wajen minti na tara ko goma, Tchaikovsky ya jera shida. Karona na farko na ɗauka abin kunnena ne ya lalace, na ƙure ƙara. Nan take dukan okestira ta faɗo kamar aradu, sai da na fizge shi daga kunnena. Saboda haka ka daidaita ƙara tun farko ka ƙyale ta, raɗan da tsawar duk da gangan aka yi su.

A sashe na biyu ƙirga bugu da yatsa: biyar ne, ba uku ba, ba huɗu ba, shi ya sa rawar take da 'yar ɗingishi mai daɗi. Na uku maci ne mai tashe, har 'yan kallo kan ɓarke da tafi a zaton an gama. Ba a gama ba. Maimakon ya rufe da nasara kamar yadda aka saba, sai ya rufe da makoki, kiɗan yana dusashewa har ya rage manyan goge suna bugawa kamar zuciya mai gajiya. Shi da kansa ya jagoranci kaɗa ta a Saint Petersburg a ƙarshen Oktoban 1893. Bayan kwana tara ya rasu, yana da shekara 53.

Mataki na 6: Ƙirga takwas da Brahms

A Vienna ta wancan lokaci gari ya rabu biyu, 'yan Wagner da 'yan Johannes Brahms, kuma mai tsara kiɗa Anton Bruckner, wanda ke girmama Wagner ƙwarai, ya sha suka a jarida daga alƙalamin Eduard Hanslick, mai sharhin kiɗa da ke ɓangaren Brahms. Brahms mutum ne mai riƙo da tsohon tsari. Simfoninsa ta farko ta ɗauke shi kusan shekara ashirin saboda nauyin Beethoven, gwanin simfonin da ya gabace shi, da yake ji a wuyansa.

Ɗauki sashen ƙarshe na Simfoni ta 4, ta 1885. Yana buɗewa da sauti takwas masu ƙarfi a jere, waɗanda ya samo tushensu daga Bach, wani mai tsara kiɗa na dā. Daga nan sai ya maimaita wannan gini sau talatin, kowane zagaye da sabuwar riga, kamar masaƙi da zarensa ɗaya amma zanen yana sauyawa. Ƙirga takwas-takwas ka ga inda kowane zagaye ya fara. A tsakiya sarewa za ta tsaya ita kaɗai tana numfarfashi. A ganina Brahms ba ya kama mutum ranar farko kamar Tchaikovsky, amma shi na fi komawa gare shi.

Mataki na 7: Mahler, da kwatanta hannu biyu

Gustav Mahler ya shugabanci gidan wasan waƙa na fadar Vienna daga 1897 zuwa 1907, don haka sai lokacin hutun bazara yake samun rubutu, a 'yar bukka shi kaɗai kusa da tafki. Simfoninsa ta 8 da aka kaɗa a Munich a 1910 ta tara makaɗa da mawaƙa kusan dubu. Kai dai fara da ta 5, mai sashe biyar da tsawon kusan minti saba'in. Kakakin Turawa guda ɗaya ne ke buɗe ta da kiran jana'iza.

Kafin ka ji ta duka, ware sashe na huɗu, wanda ake kira Adagietto. Babu mai busa ko ɗaya a ciki, goge ne kawai da haf, wani babban molo mai tsirkiya 47. Madugun makaɗa Willem Mengelberg, abokin Mahler, ya rubuta a kan takardar kiɗansa cewa wannan sashe saƙon ƙauna ne zuwa ga Alma, wadda Mahler ya aura a 1902. Nemo faifan Mengelberg na 1926, mai ƙarar tsufa, wanda ya gama cikin kamar minti bakwai. Sannan ka nemo wani na baya-bayan nan da ya kai minti goma sha ɗaya ko goma sha biyu. Rubutu ɗaya ne, amma na farko saurayi ne ke zuba zance, na biyu kuwa zaman makoki ne. Ni na fi son mai saurin, domin a nan waƙar tana iya fita da numfashin mutum. Kai ma ka zaɓi naka, ka kuma iya faɗin dalili.

Sai ka koma farko ka ji simfonin gaba ɗaya, kana riƙe da waƙar Adagietto a kai. A sashe na biyar za ta dawo. Mahler ya ɗauko wani yanki nata ya ƙara masa sauri, ya mai da shi abin rawa mai fara'a a bakin goge, har za ka iya wuce shi ba ka sani ba. In ya kuɓuce maka a karon farko, mayar da sashen baya ka sake ji.