Yadda na biya kuɗin rajistar taro a Jamus

Wallahi kwana uku ina fama da kuɗin rajistar wani taro a Jamus, katina na naira ya ƙi shiga, na gwada na sake gwadawa har na gaji. Da na tura wa masu shirya taron imel sai suka ce ai su can tiransifa ta banki suka fi sabawa da ita, SEPA suke ce mata, amma ta ƙasashen Turai ce mu ba ma ciki, sai dai SWIFT, hanyar tura kuɗi tsakanin bankunan ƙasashen duniya. Suka turo min IBAN, wato lambar asusunsu, haruffa da lambobi 22 ya fara da DE, da kuma BIC, lambar gane bankinsu.

Na je banki na tura daga asusuna na dala, kuɗi ya isa amma bai cika ba! Ashe SHA na zaɓa a fom ɗin, wato bankunan da kuɗin ya bi ta hannunsu kowa ya yanki nasa, ga canji zuwa yuro ma ya ci wani abu. Na koma na tura cikon, wannan karon OUR na zaɓa, caji duk a kaina, na kuma sa lambar rajistata a gurin bayani don su gane ni ne. Bayan kwana biyu rasit ya shigo.