Kurakuran da jaridunmu suka fi yi a labarin ilimin yara

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a mayar da karatun yara kamar alherin mai mulki. Sai ka ga kanun labari wai gwamna ya gwangwaje ɗalibai da kujeru, ko shugaban ƙaramar hukuma ya share wa 'yan firamare hawaye da littattafai. Mai karatu sai ya zaci daga aljihun mutumin kuɗin suka fito. Alhali dokar ilimin bai-ɗaya (UBE) ta 2004 ta wajabta wa gwamnati ba kowane yaro ilimi kyauta na shekara tara, shida na firamare da uku na ƙaramar sakandare, kuma sashe na 15 na Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 ma haka ya tanada. Wakili ya faɗi abin da aka raba, amma ya tambaya yara nawa ne ba su samu ba, kuma daga wane kasafi aka cire kuɗin.

Wasu editocin kan ce ai sashe na 18 na Kundin Tsarin Mulkin 1999, wanda ya yi maganar ilimi kyauta, ba a iya kai gwamnati ƙara a kansa. Haka ne, sashe na 6(6)(c) ya ɗaure hannun kotu a nan. Sai dai maganar ba a nan ta tsaya ba. Najeriya ta mayar da Yarjejeniyar Afirka kan haƙƙin ɗan Adam dokar ƙasa, sashenta na 17 kuwa ya ce kowa yana da haƙƙin ilimi. A 2010 kotun ECOWAS, a ƙarar da ƙungiyar kare haƙƙin jama'a ta SERAP ta shigar, ta tabbatar wa yaran Najeriya wannan haƙƙi. Jaridar da ta ɓoye wa iyaye wannan ta rage musu ƙarfin gwiwar yin magana.

Sai batun kuɗi, inda aka fi yaudarar wakilai. "An ware biliyan kaza" daban, "an saki" daban. Hukumar ilimin bai-ɗaya ta ƙasa (UBEC) tana samun kashi 2 cikin ɗari na asusun kuɗin shiga na tarayya, amma jiha ba ta karɓar tallafin sai ta ajiye nata kason daidai da shi, shi ya sa kuɗin wasu jihohin kan yi shekaru a ajiye. Tambaya ɗaya ga shugaban hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha (SUBEB), "kun biya kasonku na bana?", ta fi shafi guda na jawabin kwamishina amfani.

Alƙaluman yaran da ba sa zuwa makaranta ma ana cakuɗa su. Miliyan 10.5 da aka daɗe ana jingina wa UNICEF ya shafi yara masu shekara 5 zuwa 14, kusan miliyan 20 da UNESCO ta fitar a 2022 kuwa ya haɗa har da 'yan shekara 18. A faɗi majiya, da shekara, da shekarun yaran.

Abin da ya fi damuna shi ne rubuta labarin makaranta daga ofis. Je ka da kanka. Ƙirga yaran da ke zaune a ƙasa, dubi kwanon ajin da iska ta yaye tun damunar bara, tambayi uwar da aka koro ɗanta saboda kuɗin ƙungiyar iyaye da malamai (PTA) ko kuɗin jarrabawa a makarantar da ake cewa kyauta ce. Malamin da ya buɗe maka ciki, sakaya sunansa, don canjin wurin aiki zuwa ƙauye mai nisa ba abin wasa ba ne. Almajirin da ka tarar da robar bara kuwa ɗan wani ne. Kada ka buga fuskarsa ba da izinin iyaye ko malaminsa ba.

Bayan sace ɗalibai a Chibok a 2014, Ƙanƙara a Disambar 2020, Jangebe a Fabrairun 2021 da Kuriga a Maris ɗin 2024, yawancin rahotanni sun tsaya ne ranar da aka karɓi yaran a gidan gwamnati. Edita ya sa a littafinsa cewa bayan wata shida wakili zai koma garin, ya gano ko an sake buɗe makarantar, yara nawa suka koma aji, kuma 'yan mata nawa iyayensu suka cire saboda tsoro.