Yadda ake ƙafar da ruwan dusar hatsi a masana'antar itanol

Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin masu yin mazarƙwaila ya riga ya ga rabin wannan aiki: ruwan rake tsararo ake ɗorawa a wuta, a yi ta dafawa har ya yi kauri. Haka ake yi da ruwan da ya rage bayan an tace itanol, wato sinadarin da ake gauraya wa fetur, daga masara ko dawa. Na rubuta wannan ne saboda masu tunanin kafa ƙaramar masana'anta a nan Gombe, inda hatsi ke jibge a Tudun Hatsi, masu kiwon turke kuma kullum kukan tsadar dusa suke.

Idan aka niƙa hatsi, aka dafa, aka sa yis ya yi aikinsa, sai a ɗora a tukunyar tacewa. Itanol kan tashi tun zafi na digiri 78, ya bar wani abu mai kama da kunun da ya kwana, mai ɗan tsami. Sitaci ne kawai ya tafi. Furotin, mai da ɓawo duk suna nan. Buhun masara mai kilo 100 kan ba da itanol wajen lita 40 da busasshen abincin dabbobi kusan kilo 30, don haka mai zubar da wannan kunu a kwata kuɗinsa yake zubarwa, ga wari da zai haɗa shi faɗa da maƙwabta.

Da farko a raba tsaki da ruwa. Injin da ke juyawa da ƙarfi ne ke yin wannan, ya fitar da jiƙaƙƙiyar dusa gefe guda, tsararon ruwa gefe guda. Kada a yi ganganci a nan, domin duk tsakin da ya tsallake zai je ya toshe bututu a gaba. Wani kaso na ruwan akan mayar da shi wurin dama sabon gari, sauran shi ne na ƙafarwa.

Kafin a kunna komai a yi lissafi. A ce akwai kilo 1,000 na ruwan, kuma kashi 7 cikin 100 ne abu mai kauri a ciki, wato kilo 70. In ana son ya kai kashi 35, abin da zai rage kilo 200 ne. Ke nan sai an kori ruwa kilo 800, kuma kowane kilo makamashi yake ci. Nan ne riba ke tsayawa ko ta gudu.

Shi ya sa ba a amfani da tukunya ɗaya. Akan jera uku ko huɗu a rufe, tururin da ya tashi daga ta farko shi ke dafa ta biyu, na ta biyu ya dafa ta uku. Wani zai ce, yaya tururin da ya riga ya rage zafi zai tafasa wani ruwan? Sirrin shi ne ana zuƙe iskar cikin tukwanen, kowace ta gaba ta fi ta baya rashin iska, ruwa kuwa idan iska ba ta danne shi ba yakan tafasa tun bai kai digiri 100 ba, har a wajen 60. Da tukwane uku, tururin da zai kori kilo ɗaya sai ya kori fiye da biyu. Ƙarancin zafin kuma yana hana furotin ƙonewa. A cikin kowace tukunya ruwan yana gangarowa ne siriri a jikin dogayen bututu, tururi na zafafa bututun ta waje, famfo na sake ɗaga ruwan sama.

Sai sa ido. A riƙa ɗiban kaɗan ana gwadawa. Idan ya nuna, launinsa kan koma ruwan ƙasa, ya riƙa bin cokali a hankali kamar zuma a lokacin hunturu. Tsakanin kashi 30 zuwa 40 ake tsayawa. Ni dai na fi son a tsaya da wuri, don kwaɗayin ƙarin kauri shi ke sa famfo ya kasa ja, ƙanzo ya kama bututu. Ƙanzon nan ba makawa zai taru, alamarsa ita ce tururi na tafiya amma kauri ba ya ƙaruwa. Sai a tsayar, a wanke da ruwan soda mai zafi, a bi da ruwan asid mai sauƙi, a ɗauraye. Mai wankin ya sa safar hannu da gilashin ido, soda ba ta da wasa.

Tururin da ya koma ruwa a tara shi a sake aiki da shi. Kakkauran kuma a zuba a kan jiƙaƙƙiyar dusar farko, a cakuɗa, a busar har danshi ya sauko wajen kashi 10. A zafin Gombe na watan Afrilu, jiƙaƙƙiya ba ta wuce 'yan kwanaki sai ta yi fumfuna, saboda haka wanda ba shi da injin busarwa ya tabbata masu shanu na kusa.

Abu ɗaya da ƙafarwa ba ta gyarawa: idan masarar da aka sayo tana da gubar fumfuna, wuta ba ta kashe ta, sai ma ta ninku kusan sau uku a dusar. Tun a kasuwa ake buɗe buhu a zura hannu har ƙasa a duba.