Kurakuran da ke kayar da 'yan wasa a bidiyon odishin na waya

Tun 2020 da korona ta hana taro, masu shirya fim da yawa sun rage tara mutane a layi don odishin, wato tantance 'yan wasa. Yanzu sai a turo maka guntun rubutu ta WhatsApp, a ce ka ɗauki kanka da waya ka turo kafin rana kaza. Ga ɗan Kaduna wannan ba ƙaramar dama ba ce. Da sai ka shiga mota a Kawo ka nufi Kano, ka wuni kana jiran a kira sunanka, wataƙila a tashi ba a zo kanka ba. Yau kana ɗakinka a Rigasa ko Badarawa darakta zai ga fuskarka. Na jima ina taya yaran unguwarmu ɗaukar irin wannan bidiyo, kuma abin da ke ci mini rai shi ne, yawancin waɗanda ake turewa gefe ba rashin baiwa ne ya kayar da su ba.

Bari in fara da masu sauƙin gyara. TikTok ya saba mana da riƙe waya a tsaye, alhali fim a kwance ake kallonsa. Kwantar da wayar, sai dai in an ce maka a tsaye ake so. Kada a riƙe ta a hannu. A jingina ta da littattafai ko a ɗora ta a kan abin da zai kawo ta daidai idonka, don in ta yi ƙasa, haɓa da ƙofar hanci za a yi ta kallo. Hoton ya kama daga ƙirji zuwa ɗan saman kai. Taga ta kasance a gabanka. In tana bayanka, inuwa kawai za a gani tana magana. Ƙwan lantarkin da ke tsakiyar silin shi ma yana zuba duhu a ƙarƙashin ido, gara hasken hantsi ko inuwar tsakar gida bayan la'asar. Bango ya zama fili, ba kalanda, ba labule mai furanni. A goge gilashin kyamara, musamman da hunturu da ƙura ke bin komai, a kuma kashe filta. Darakta fuskar da za ta zo masa lokeshan yake son gani.

Sauti ya fi hoto kayar da mutane. Mutum zai haƙura da hoton da bai fita sosai ba, amma ba zai zauna yana kasa kunne ya tsinto maganarka daga ƙarar janaretan maƙwabta ba. Kashe fanka ko da zafi ake, minti biyu ne. Kauce wa lokacin kiran salla da lokacin tashin 'yan makaranta. Ɗakin da ke da katifa da kafet ya fi falon tayil da babu kaya, domin falon amsa kuwwa yake yi. Wanda zai karanta maka ɗaya ɓangaren ya tsaya gefen wayar, ya sassauta murya, tun da ya fi ka kusa da ita. Shi za ka kalla. Cikin kyamara kuwa ba a kallo sai wajen gabatar da kai, inda za ka faɗi sunanka da garin da kake da duk abin da aka nema, a taƙaice.

Duk wannan a rana ɗaya ake koyonsa. Babban kuskuren shi ne aro.

Wata yarinya daga Tudun Wada ta zo da rubutun wani sin, wato guntun wasa: mace ce mijinta ya gaya mata zai ƙara aure. Muka kunna waya. Kafin mai karatu ya kai ƙarshen maganarsa ta dafe ƙirji, ta ja da baya, ta fara salati da ƙarfi tana matso hawaye. Ta yi ƙoƙari, amma na taɓa ganin wannan dafe ƙirjin a finafinai ba adadi, darakta kuwa ya fi ni ganinsa. Na ce, "Ƙanwata, in ran Umma ya ɓaci sosai, me take yi?" Ta yi shiru, can ta ce, "Yaya, ai ba ta magana. Sai ta kama ninke kaya, ko da a ninke suke." Na miƙa mata mayafinta na ce ta sake. Wannan karon ta saurari maganar har ƙarshe, ta warware mayafin ta ninke, ta sake warwarewa, sannan ta ce "To, Allah ya sa alheri" da muryar da ba ta ɗaga ba. Mai karanta mata sai da ya manta layinsa. Abin yana cikin gidansu shekara da shekaru, ita kuwa ta tsallake shi ta je aro wajen jaruman da take kallo. Kayan aro ba ya rufe katara.

Mu 'yan Kaduna bai kamata a koya mana wannan ba. Marigayi Usman Baba Pategi, wanda ya rasu a 2023, tsohon soja ne, kuma Hausar bariki da ya san ta ciki da bai ita ya ɗauko ya gina Samanja da ita. Ko bayanka ka juya wa talabijin, yana buɗe baki ka san shi ne. Bai goge abin da ya bambanta shi da saura ba, shi ya riƙe. Amma yau sai ka ga yaron da aka haifa a Kakuri ko Unguwar Rimi, mai Hausa irin ta garin nan da ta cakuɗu da bakin ƙabilu iri-iri, yana murɗe harshe wai sai ya yi magana kamar ɗan cikin birnin Kano. In rawar ta Bakano ce, to, a koya da kyau. In ba a faɗa ba, ka bar bakinka yadda yake. Masu irin wancan bakin sun yi yawa a layi.

Ta yaya za ka gane naka? Kunna waya ka ba wani labarin abin da ya taɓa faruwa da kai da gaske, ranar da aka yi maka sata a kasuwa, ko ranar da sakamakon jarrabawa ya fito. Sai ka kashe sauti ka kalla. Dubi abin da idonka da hannunka suke yi in ba ka sa kanka aktin ba. Wani yana murmushi in ya ji kunya, wani yana kallon ƙasa kafin ya faɗi magana mai nauyi. Sannan ka kalli bidiyon odishin ɗinka, shi ma babu sauti. In mutum biyu daban ka gani, na farkon ne ake nema. Ka kuma riƙa kallon mutane: yadda mai gwanjo a Kasuwar Barci yake yi in an taya kayansa da wulaƙanci, yadda dattijo ke gyara zama kafin ya yi faɗa.

Waɗanda suka taso da wasan dandamali a makaranta su rage. A dandamali kana yi ne don na kujerar baya ya gani, waya kuwa taku biyu ce tsakaninku, ƙifta ido ma tana kamawa. Kuma a daina mutuwar tsaye lokacin da mai karatu ke magana. Da yawa fuskarsu sai ta zama fayau suna jiran layinsu, alhali a nan ne darakta ke gane ko kana sauraro. Ka haddace rubutun sosai don hankalinka ya bar takarda. In ka faɗi kalmar ƙarshe, kada ka zabura ka kashe waya, tsaya a cikin halin na daƙiƙa biyu ko uku.

Kada ka ɗauka sau talatin. Bayan na huɗu ko na biyar jiki yake mutuwa. Zaɓi guda ka tura, sai in an nemi biyu.

Wajen turawa, sake karanta abin da aka ce. In minti ɗaya aka nema, kada ka kai uku. Sa wa bidiyon sunanka da sunan rawar, kada ka bar shi da lambobin da waya ta ba shi. WhatsApp yana matse bidiyo ya rage masa kyau, don haka tura shi a matsayin dokumen. In ta Google Drive ne, ka tabbata ka buɗe yadda mai karɓa zai iya kallo, ka gwada a wayar wani tukuna. Wanda kuma ya ce sai ka biya kuɗi kafin a kalli bidiyonka, ko ya nemi mace ta turo hoton da bai shafi rawar ba, a rufe maganar nan take, a kuma sanar da na gaba a gida.